Mai Ƙirgan Hannuwa

Ran Litinin shugabar ɗaki ta miƙo mini littafi
mai shuɗin bango, da biro da wani ya tauna wa kai.
Ta ce, "Jaratu, zauna bakin ɗakin jarirai
kamar mai jiran wani. Ban da magana.
Wanda ya wanke hannu, ja masa sanda.
Wanda ya wuce, zana masa ƙwai."

Garwa ta kwana ba ta huce ba.
Fanka na juya zafi kamar mai tuƙin tuwo.
Famfon bango ya yi tari sau biyu da asuba,
ya tofar da iska, ya yi gum.
Sai bokitin Baba Hamajoda mai ɗan famfo a gindi,
wanda yake cikawa da jarka daga burtsatse,
matakala goma sha ɗaya, da gwiwar da ta gaji da shi.

Na ƙirga.
Ɗalibai biyu: sanda, sanda,
har tsakanin yatsu, kamar masu alwala gaban malami.
Sali ya zura safar hannu a gado na ɗaya,
ya kai ta gado na tara, fara fat a ido.
Na daɗe ina kallon takarda. Na zana ƙwai.

Sai ga Likita Njidda.
Shi ya ƙwato ƙanena daga bakin mutuwa bara,
da tsakar dare, ko dala bai karɓa ba.
Ya shigo da waya a kunne,
ya duba cibiyar wannan, ya gyara ruwan wancan,
ya shafa kan na uku, don ƙauna kawai.
Biro ya koma mini taɓarya.
Hannun da ke gane jijiya a cikin duhu
bai san me ya ɗauko a hanya ba.
Ƙwai. Ƙwai. Ƙwai.
Na ji kamar aljihunsa na laluba.

Abin da muke tsoro ba shi da ƙafa.
Mu ke kai shi gado-gado,
ko kuɗin babur ba ya biya.

Wajen la'asar 'yar gado na huɗu ta shiɗe.
Uwarta, mai busasshen kifi daga Pitowa,
ta ƙwala ihu da yaren da ban iya ba, amma na ji.
Na yar da littafi, na ruga,
na share mata hanci da baki,
numfashi ya dawo siriri, kamar zare a kafar allura.
Na biyar ya tsala kuka, na juya,
na gyara masa audugar cibiya, na lallashe shi.
Sai na tsaya tsakanin gadaje biyu na dubi tafina.
A bushe.
Ga bokiti can, taku shida.

Na tsinci littafin a ƙasa.
Ƙarƙashin sunan likita na rubuta nawa,
na zana ƙwai har biro ya huda takarda.

Ran Laraba jikin na biyar ya ɗau zafi.
Ba mai iya ce mini daga ina.
Kwana uku ina wucewa ta gadonsa ba dalili,
har zazzaɓin ya sauka, uwarsa ta yi mini godiya,
na rasa inda zan kai idona.

A taron sati aka karanta ƙirga, ba suna:
cikin goma, huɗu.
Kowa ya shiga nazarin takalminsa.
Likita ya ce, "Wa ya ƙirga?"
Na ɗaga hannu. Ya daɗe yana kallonsa.
"Nawa na samu?" Na ce, "Kamar nawa, ranka ya daɗe."
Da kansa ya kinkimi bokitin
ya dire shi tsakiyar ɗaki, inda sai ka yi tuntuɓe da shi.

Yanzu Baba Hamajoda ke ƙorafi.
Wai da jarka ɗaya ke kai shi magariba,
yau ga ta uku, ko azahar ba a kira ba.
Yana faɗa yana goge gumi,
ban ga ya fasa hawa ba.